DIC a kan siririn bututu mai tsaga: awon miƙuwa ya ƙi daidaita da lissafi

Ɗan Zahran

Assalamu alaikum, manyanmu da 'yan'uwa. Ina roƙon a duba mini wani awo da ya ƙi zama.

Kayan gwajin bututu ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, 316L, mai inci 6. Faɗinsa ta waje 168.3 mm, kaurin bango 2.77 mm, tsawo mita ɗaya, an toshe bakunan biyu da walda. A tsakiyarsa akwai tsaga mai bin tsawon bututun, ta ratsa bangon gaba ɗaya, 40 mm, an yanka ta da injin EDM mai waya, wanda ke cin ƙarfe da tartsatsin lantarki, an liƙe ta daga ciki da roba don kada ruwa ya fita. Ana hawa matsi da famfon hannu. Abin da ake nema shi ne a san matsin da tsagar za ta fara tafiya, da kuma ko za ta ci gaba a hankali ne ko za ta yage lokaci guda.

Awon da DIC ake yi, wato a yayyafa ɗige-ɗigen fenti a jikin ƙarfen, a riƙa ɗaukar hoto yayin da matsi ke hawa, manhaja ta bi gusawar ɗigon ta fitar da miƙuwa. Kyamara ɗaya ce, 2448 × 2048, tana nesa da bututun da 600 mm, tana ganin fili mai faɗin 80 mm. Manhajar Ncorr ce.

Ga inda abin ya tsaya. Kafin a yanka tsagar an gwada bututun lafiyayye zuwa bar 40. Lissafi ya ce sitires na zagaye, wato ƙarfin jan da bangon ke ji, 120 MPa ne, miƙuwar zagaye wajen 530 µε (µε ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na tsawo), ta tsawo wajen 125 µε. DIC ya ba da kusan 600 da kusan 200. Bayan an yanka, gefen tsagar yana nuna miƙuwa mai yawa har ta tsawo, inda ban zaci ganin komai ba. A tsinin tsagar kuwa lambar ba ta da tsayayye: in na canza girman akwatin bibiya, wato ƙaramin yankin hoton da manhajar ke bi, sai ta tashi daga 1% zuwa 4%. Gwajin ja na ƙarfen ya nuna yana sakewa, wato yana fara miƙuwar da ba ta komawa, a wajen 260 MPa.

Shin kyamara ɗaya za ta iya wannan aikin? Kuma wace lamba zan ɗauka daga DIC in ce ita ce ma'aunin karyewar? Allah ya ƙara sani.

Injiniyan Jubail

Wa alaikumus salam, ƙanena. Amsar tambayarka ta farko tana cikin lambobin da ka kawo. Cire 530 daga 600, ka cire 125 daga 200. Duka biyun sun ba ka rarar 70 zuwa 75 µε. Ƙarfe ba ya ƙara miƙuwa iri ɗaya ta kowane ɓangare a ƙarƙashin matsin ciki. Abin da ke yin haka shi ne abu ya matso kusa da kyamara ya ƙara girma a hoto. Ƙa'idar mai sauƙi ce: miƙuwar ƙarya ita ce ΔZ/Z, wato yawan matsowar a raba da nisan kyamara. Rabin faɗin bututunka 84 mm ne, ka ninka da 530 µε, bangon ya taso 0.044 mm. Raba da 600 mm, ka sami 73 µε. Ga rararka nan daidai.

A lafiyayyen bututu wannan abin gyarawa ne da biro da takarda. Da zarar an yanka tsaga, magana ta canza, domin leɓɓan tsagar suna kumbura su fito waje, kuma kumburin ba ɗaya ba ne a ko'ina: ya fi yawa a tsakiya, yana raguwa zuwa tsini. In tsakiyar ta taso 0.3 mm kawai, ka sami 500 µε na ƙarya, kusan daidai da miƙuwar zagayen da kake nema gaba ɗayanta. A wurin kuma akwai miƙuwar gaske ta lanƙwasa, kyamara ɗaya ba ta da hanyar raba su. Ƙara da cewa jikin bututu ba shimfiɗe yake ba: 30 mm daga ƙoli ta zagaye, bangon ya kauce wajen digiri 21, ya yi nisa da kyamara da 5.5 mm. Gilashin telesentirik, wanda girman abu ba ya canzawa a hotonsa in ya matso ko ya ja baya, yana rage kuskuren matsowa ƙwarai, amma ba zai auna maka kumburin ba, kuma kumburin nan shi ne rabin labarin karyewar siririn bututu. Folias ya fitar da lissafinsa tun 1965: M = √(1 + 1.61c²/Rt), inda c rabin tsawon tsaga ne. Da c = 20 mm, R = 82.8 mm, t = 2.77 mm, M ya kai 1.95. Ma'ana tsagarka tana jin kusan ninki biyu na abin da za ta ji da a shimfiɗaɗɗen faranti take.

Don haka kyamara biyu. Ncorr na fili shimfiɗe ne, ba laifinsa ba ne. In babu kuɗin manhajojin VIC-3D ko Aramis, DICe kyauta ce kuma tana yin kyamara biyu, akwai kuma DuoDIC da aka ɗora a kan Ncorr ɗin a cikin MATLAB.

Kyamarorin su zama iri ɗaya, a ɗaure su a kan sanda ɗaya mai ƙarfi, sandar kuma a kan matsayi ɗaya mai ƙafa uku. Kada kowace ta hau nata ƙafafun, domin motsin da ido ba zai gani ba tsakaninsu ya isa ya ɓata saitin. Kusurwar da ke tsakaninsu digiri 15 zuwa 35. Ga aikin da kumburi ke da muhimmanci, wajen 25 ya yi. Ka jera su ta tsawon bututun, ba ta zagayensa ba, don dukansu su riƙa ganin ƙolin ɗaya, kada ɗaya ta ga gefen da ya ɓuya wa ɗayar. Ƙofar haske f/8 zuwa f/11, don zurfin da ke fitowa tas ya rufe lanƙwasar bangon da kumburin da zai zo. Kada ka wuce f/16, hoton zai fara dusashewa. Sigina ɗaya ta tayar da kyamarorin biyu, kuma ita ce za ta sa a rubuta matsin wannan daƙiƙar. Gejin agogo da ake karantawa da ido bai isa ba, sai na lantarki.

Zancen ɗigo ya kamata a tsaya a kansa, don nan aka fi yin sakaci. Fiksel 2448 a kan 80 mm yana nufin kowane fiksel 0.033 mm ne. Ɗigo mai kyau fiksel 3 zuwa 5 ne, wato 0.10 zuwa 0.16 mm. Gwangwanin fenti na kanti yana zubo ɗigo masu gauraye, wasu ƙasa da fiksel ɗaya, wasu rabin milimita. Ƙananan ba sa fitowa daidai a hoto, suna jawo kuskure mai bin tsari wanda zai fito maka kamar ratsi-ratsi a taswirar miƙuwa. Manyan kuma suna tilasta maka babban akwati. Samo ƙaramar bindigar fenti mai baki 0.2 ko 0.3 mm, ka gwada a takarda, ka ɗauki hoton takardar da kyamarar da za ka yi aikin, ka ƙirga fiksel kafin ka taɓa bututun. Goge ƙarfen da takardar yashi mai laushi, wanke da asiton, farin fenti mara ƙyalli shafi siriri iya abin da zai rufe ƙyallin ƙarfen, sannan baƙin ɗigo har ya rufe kusan rabin filin. A yi gwajin cikin kwana ɗaya zuwa biyu da yin fentin. In ya daɗe yana bushewa ya yi ƙarau, kuma 316L yana miƙewa sosai kafin ya yage, sai fentin ya riga ƙarfen tsagewa, ka ɗauka tsaga ce ta fara tafiya. Da damshin iskar bakin tekun nan namu, kada a yi fentin a waje a shigo da shi ɗakin sanyi.

Saiti: allon saiti ya cika kusan filin da ake gani, hotuna 30 zuwa 50, kana karkata shi ta kowane ɓangare, kana matso da shi kana janye shi cikin zurfin da bututun zai zauna. In za a sa garkuwa mai gani tsakanin kyamara da bututun, a sa ta kafin saiti, kada a taɓa ta bayan nan. Da ka gama, ɗauki hotuna goma ba matsi ka gudanar da su kamar gwaji. Duk abin da ya fito hayaniya ce. Kyakkyawan tsari yana zama a wajen fiksel 0.01 a cikin fili, wato kashi uku cikin goma na maikuron a naka girman, ta zurfi kuma ya ninka haka sau biyu ko uku. In ka ga taswirar tana kaɗawa kamar ƙawalwalniya, iska mai zafi ce daga fitila ko daga jikin kyamarar ke ratsa hanyar hasken. Fitilun LED, a ɗaga su sama da hanyar gani, ƙaramar fanka tana hura iska tsakanin gilashi da bututun, a bar kyamarori a kunne awa ɗaya kafin saiti.

In kana da wani guntun bututun da ba a yanka ba, maimaita gwajin farko da kyamara biyu. Kowane bar ɗaya ya kamata ya ba ka 13 µε ta zagaye da 3 µε ta tsawo. Amma auna kaurin bangon da na'urar ultarasonik tukuna, kada ka dogara da 2.77 na takarda, domin ƙa'idar ƙera bututun ta yarda bango ya gaza da 12.5%.

Hajiya Yanbu

Injiniya ya gama da kyamara, ni ruwan ne damuwata, ɗana.

Cikin bututunka lita 21 ne. Tsagar 40 mm a wannan bangon, in ka raba sitires na kwararar ƙarfen, wanda ke tsakanin na sakewa da na tsinkewa, da M, za ka ga fashewar tana tsakanin bar 60 da 80. A bar 80, ruwan da ke ciki yana riƙe da kusan J 300 na makamashi, saboda ruwa ba ya matsuwa sai kaɗan. Da iska ce ko naitirojin a wannan matsin, wajen kJ 300 ne, ninki dubu. Shi ya sa lokacin da jiragen Comet suka riƙa tarwatsewa a sama a 1954, a cikin tankin ruwa aka nutsar da gangar jirgin a Farnborough aka riƙa hawa da sauke matsi har tsagar ta bayyana, ta tsaya inda za a iya duba ta. Lita ɗaya tak ta iska da ta maƙale maka a ciki tana ƙara wajen J 180. Banda haɗari, tana lalata gwajin kansa: da ruwa zalla, tsaga na buɗewa matsi zai faɗi ta tsaya, da iska kuwa matsin zai ci gaba da tura ta, sai ka rubuta cewa ta yage lokaci guda alhali iskar ce. Karkata bututun kaɗan wajen cikawa, bawul ɗin fitar iska a wuri mafi tudu, ruwa ya shiga daga ƙasa a hankali. In za ka iya, zura sandar roba mai tauri ko ta alminiyam a ciki ta cinye rabin filin, amma kada ta taɓa bangon kusa da tsagar. Hanyar ganewa ko akwai sauran iska: zana matsi a kan yawan bugun famfo. Ruwa zalla yana ba da miƙaƙƙen layi tun daga farko, iska tana sa farkon layin ya kwanta.

Garkuwar folikabonet a gaban kyamarori, toshin bakunan biyu su fuskanci bango, ba ƙofa ba, mai famfo kuma yana bayan katanga da doguwar tiyo. Tsiririn ruwan da zai fito daga tsagar a bar 70 yana iya huda fata.

Sai zafin ruwan. Kowa ya san yadda ruwan tankin saman bene yake a Sharƙiyya, lardin gabashin Saudiyya, daga Yuni zuwa Satumba. 316L yana miƙewa 16 µε a kowane digiri ɗaya. Ka cika da ruwa mai digiri 40 a ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya riƙe a 22, bututun zai yi ta tsukewa duk tsawon gwajin har wajen 290 µε, fiye da rabin abin da bar 40 ke ba ka, matsin kuma zai riƙa sauka kana neman yoyon da babu. A cika tun daren jiya, a manna ma'aunin zafi a jikin ƙarfen, a rubuta shi tare da matsi. Kuma ruwan ya zama mai ƙarancin gishiri, kuloraid ƙasa da 50 ppm kamar yadda ake bi wa irin wannan ƙarfen, musamman in bututun zai kwana da ruwa ko za a sake amfani da shi.

Robar da aka liƙe tsagar da ita ma a duba ta. Roba kaɗai za ta kutso cikin tsagar ta fashe tun kafin ƙarfen ya motsa. Ana sa siririn fallen ƙarfe 0.1 zuwa 0.2 mm tsakanin robar da bango, a shafa masa giris, kada a manne shi a gefe biyun tsagar. In ya yi kauri ko aka manne shi, zai riƙe leɓɓan, kumburin ya ragu, matsin fashewa ya fito sama da gaskiya.

Ɗan Zahran

Allah ya saka da alheri, Injiniya. Hajiya, na gode, zancen zafin ruwa ban sa shi a lissafi ba ko kaɗan. Akwai kyamara ta biyu irin ta farkon, za a haɗa su.

Saura tambaya ta biyun. Ko da kyamara biyu, ashe lambar da ke tsini za ta ci gaba da canzawa da girman akwati? Tunanina shi ne in ɗauki gusawar da ke kewaye da tsinin in dace ta da jerin Williams, lissafin da ke bayyana gusawa a kewayen tsinin tsaga, in fitar da K, ma'aunin tsananin sitires a tsini, sannan in kwatanta da K_IC na 316L, wato K ɗin da tsaga ke tashi a kansa. Ko J, ma'aunin makamashin da ke tura tsaga, ya fi?

Malam Dammam

Za ta ci gaba da canzawa, ɗan'uwa, ko da kyamara goma ce. DIC gusawa yake aunawa. Miƙuwa lissafa ta ake yi daga gusawar a kan wani tsawo, kuma tsawon nan shi ne (taga − 1) × taki + akwati, inda taki tazarar da ke tsakanin wuraren awo ne, taga kuma yawan wuraren da ake haɗawa a fitar da miƙuwa. Da akwati 25, taki 8, taga 5, ka sami fiksel 57, wato 1.9 mm a naka girman. Da taga 15 ya zama fiksel 137, 4.5 mm. A tsinin tsaga miƙuwa tana hawa ba iyaka yayin da kake matsowa, don haka duk lokacin da ka rage wannan tsawon za ka sami lamba mafi girma, tare da hayaniya mafi yawa. Ƙari a kan haka, akwatin da ya hau kan tsagar yana ƙoƙarin bin gefe biyu da ke rabuwa, sai ya karanta buɗewar a matsayin miƙuwa. A rufe tsagar daga yankin lissafi, a bar rabin akwati a kowane gefe. Jan da ke tsinin taswira na kallo ne, ba a kai shi rahoto a matsayin ma'auni.

K kuma, yi wannan lissafin kafin ka ɓata lokaci. A bar 40, K = σ√(πc) × M = 120 × 0.2507 × 1.95, wajen 59 MPa√m. Yankin da ƙarfe ya saki a gaban tsini, a ƙiyasin Irwin na siririn bango, (1/2π)(K/σy)², da σy = 260, ya kai 8 mm. Bangonka 2.77 mm ne, rabin tsagarka 20 mm. Ƙa'idar ASTM E399 na son girman samfuri ya kai 2.5(K/σy)² kafin a kira lamba K_IC, wato 127 mm a nan. Jerin Williams an gina shi ne a kan ƙarfen da ke komawa yadda yake, a fili shimfiɗe. Za ka iya amfani da shi a ƙasa da bar 15, inda yankin sakewar bai wuce milimita ɗaya da ɗoriya ba, don ka duba M na gaske ka kwatanta da na Folias. Wannan aiki ne mai amfani. Amma kusa da fara tafiyar tsaga, K ba shi da abin cewa, kuma 316L mai wannan kaurin ba ya karyewa ta hanyar da K_IC ke bayani.

Abin da zan ce ka ɗauka shi ne δ5, ma'aunin da Schwalbe ya kawo a cibiyar GKSS ta Jamus, wanda ke cikin ASTM E2472 da ISO 22889, ƙa'idojin da aka rubuta musamman don siraran bango. Ɗigo biyu ne, kowanne 2.5 mm daga layin tsaga, ɗaya a kowane gefe, daidai saitin asalin tsinin, ka bi yadda nisansu ke ƙaruwa. A DIC wannan ma'aunin nisa ne kawai tsakanin wurare biyu, ba ya buƙatar lissafin miƙuwa sam. Hayaniyarka ƙasa da maikuron ɗaya ce, abin da kake aunawa kuma ɗaruruwan maikuron ne. Ka yi shi a tsini biyun, domin ba za su tashi tare ba. Sai ka zana δ5 a kan ƙarin tsawon tsaga, Δa, ka sami lanƙwasar juriyar ƙarfen, ka kuma zana matsi a kan δ5.

Bayan tsagar ta fara tafiya, kusurwar buɗewar tsini, CTOA, ita ce ta biyu. Ana auna buɗewa δ a nisan d bayan tsinin da ke tafiya, tsakanin 0.5 da 1.5 mm, kusurwar kuma 2·arctan(δ/2d). NASA ta yi aiki da ita sosai a kan fallen alminiyam na jikin jirgi bayan rufin jirgin Aloha ya yage a sama a 1988. Fiksel 0.033 mm ya yi mata girma, sai kyamara ta uku mai kusantowa, wajen 0.005 zuwa 0.01 mm a fiksel, a kan tsini ɗaya. Lambobin farko za su fito da girma su riƙa sauka, sai tsagar ta yi tafiyar da ta kai kaurin bango ko fiye sannan su daidaita. Dalili shi ne tsaga tana fara cin gaba a tsakiyar kauri tun fatar waje ba ta nuna ba, daga baya kuma ta karkace zuwa digiri 45.

Abu biyu da ke ɓata wannan awon. Na farko, yankan EDM ba tsaga ba ne. Waya 0.25 mm tana barin tsini mai zagaye, wanda zai jinkirta farawar, δ5 na farawa ya fito sama. A ƙara 1 zuwa 1.5 mm na tsagar gajiya a kowane tsini ta hanyar hawa da sauke matsi kaɗan, ƙasa sosai da na gwaji, kafin a yi fenti. Na biyu, samfurin kwatanci. In ka yanko daga bututun ka miƙar da shi, ka sa wa fatarsa miƙuwar dindindin t/2R, wajen 1.7%, kuma 316L yana taurara da irin wannan. Ka faɗi haka a rahoto, ko ka bar samfurin da lanƙwasarsa. A sa masa faranti masu hana lanƙwashewa yayin ja.

Bayan gwaji a buɗe tsagar a auna Δa na gaske a fuskar karyewa. Sanyaya da naitirojin mai ruwa ba zai sa wannan ƙarfen ya yi ƙarau ba kamar yadda yake yi wa ƙarfen kabon, don haka a yi wa fuskar alama da zafi ko rini, sannan a ƙarasa da gajiya.

Injiniyan Jubail

Malam, ban ja da δ5 ba, amma ina jin kada a yar da J gaba ɗaya. Duk wanda zai kai sakamakon nan ga tantance bututun da ke aiki a matata ko masana'antar tace ruwan teku, ƙa'idojin API 579 ko BS 7910 za a buɗe masa, kuma can da J ko CTOD, wato faɗin buɗewar tsinin tsaga, ake shiga zanen tantancewa.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a zagaya tsini a kan taswirar DIC a lissafa J na Rice kai tsaye. Wannan lissafin na fili shimfiɗe ne. A nan fatar waje kawai kake gani, tana ɗauke da ja da lanƙwasa a haɗe, ta ciki kuma tana jin wani abu dabam, ga matsi na tura bango daga ƙasa a cikin zagayen da ka zana. Kowane zagaye zai ba ka J nasa. Hanyar da ke aiki ita ce a gina samfurin FEM, wato kwaikwayon bututun a kwamfuta, a manhajar Abaqus ko Ansys, da lanƙwasar ja ta gaske ta ƙarfen, da kaurin da aka auna, a kunna lissafin babban motsi, a sa matsi har a fuskokin tsagar. Sannan a kwatanta da DIC a abubuwa uku a kowane matsi: tsayin kumburi ta tsawon tsagar, buɗewar tsakiyarta, da δ5. In ukun sun hau kan juna, J na samfurin abin yarda ne har zuwa farawar tsaga. In kumburin samfurin ya fi na DIC, fara zargin fallen liƙi da Hajiya ta ambata.

Malam Dammam

Haka ne, Injiniya, har zuwa farawa. Bayan nan ƙarfen da ke bayan tsini yana sauke nauyi, J ya rasa tushensa, sai a koma CTOA.

Ɗan Zahran, abu ɗaya da ba mu tambaye ka ba: bututun mai ɗinkin walda ne ta tsawo? Siraran bango na wannan girman yawanci haka suke. In haka ne, ina ɗinkin yake daga tsagar? A ajiye shi digiri 90 ko 180 daga ita. Kuma auna faɗin yankan EDM a tsakiya da kusa da tsini tun ba matsi. In tsakiyar ta fi faɗi ko ta tsuke, akwai sauran sitires na naɗi da walda a bangon wanda yankan ya saki, hoton farko na DIC kuma ba zai gan shi ba tunda bayan yankan aka ɗauke shi. Turo waɗannan lambobin biyu tare da hotunan hayaniya goma idan kun haɗa kyamarorin, a duba kafin ku hau matsi.